Motar Baba da Garkar Gwaggo

Daga Allah muke, gare shi kuma komawa take. Baba ya koma ranar wata Talata da hantsi, a gidanmu na Unguwar Tudu a ƙasar Gwarzo, bayan jinyar da ba ta cika mako biyu ba. Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa. Na fara da addu'a ne don abin da zai biyo baya ba shi da daɗin ji, ni kuma ba zan shafa masa zuma ba.

Muna zaune a ƙofar gida kan tabarmi muna karɓar gaisuwa, mutane sai ɓullowa suke ta kowace kusurwa. Daga Madadi, daga Jama'a, daga Kabo inda nake koyarwa, har da waɗanda rabonsu da gaishe shi tun yana aikin gwamnati. Mutum zai durƙusa ya ce ya haƙuri, a shafa fatiha, sai ya gyara zama ya jawo kwanon waina. To daga nan ake fara abin da har yau ban manta da shi ba a zaman makokin nan.

"Ai Malam ya huta," in ji wani dattijo, bakinsa cike da waina. "Mu a wurinmu ya daɗe da tafiya, gangar jikin ce ta rage."

Na kusa da shi ya karɓe. "Tsufa ke nan. Ka ga mutum gemu fari fat, yana bin motar yara cikin kunyoyi. Allah dai ya sa mu gama da hankalinmu."

Aka haɗa baki aka ce amin. Wani ma, wanda Baba ya tayar wa injin ban-ruwa ya fi a ƙirga bai taɓa karɓar ko goronsa ba, sai ya kwaikwayi ƙarar motar ta hanci, ƙasa-ƙasa, abokan zamansa suka rufe baki da hannun riga. Ƙasar kabarin ko bushewa ba ta yi ba. Na dube su ɗaya bayan ɗaya, ga carbi a hannun dama, ga maiƙon waina a gemu, na ce a raina tir da wannan zama.

Yaya kuwa, babban wanmu, yana gefe yana gyaɗa kai, duk wanda ya ambaci ruɗewar Baba sai ya ƙara tura masa kwano. Na san dalili. Gwaggo, ƙanwar Baba, tun da mijinta ya rasu ba ta da ɗa ba ta da jika take zaune a ɗakin da ke ƙuryar gidanmu, ta raya 'yar garka a bayansa da hannunta, zogale da lalle da barkono. Baba ya yi wasiyya a gabanmu cewa ɗakin da garkar nata ne. Sai aka fitar da sabon titi ya bi ta daidai bayan garkar, Yaya ya fara ganin jerin shaguna a mafarki. Bai musa cewa Baba ya faɗa ba. Cewa yake wanda ya faɗa ɗin ba ya cikin hankalinsa, wasiyyar ruɗaɗɗe kuma ba wasiyya ba ce. Liman ya ce ranar sadakar bakwai za a zauna a yanke. Ke nan zaman Gwaggo a ɗakinta ya rataya a kan tambaya guda: mutumin da ke wasa da motar nan, mai hankali ne ko mahaukaci?

Bari in faɗi Baban da na sani.

Makanikin tarakta ne a ma'aikatar gona, shekara ashirin da ɗoriya. Da aka ce kowa ya tsuke bakin aljihu sai aka fara ta kansu, aka kira su ofis aka miƙa wa kowa takardar sallama. Bai yi kuka da kowa ba. Ya kafa rumfa a ƙofar gida yana gyaran injin niƙa da na ban-ruwa da fanka. Zamanin ba na sayen sabon abu ba ne, don haka ya koyi fitar da lafiyayyen inji ɗaya daga cikin matattu uku. In an kawo masa gyara ba ya taɓawa sai ya sa an tayar ya saurara, kansa a karkace, idonsa a rufe. Yakan ce, "Inji ba ya ƙarya, mai shi ne ke yi." Da yawa sun ji haushin wannan magana, don yakan faɗe ta ne bayan mutum ya gama rantsuwa cewa jiya-jiya ya zuba mai.

Motar kuwa a wurin 'yan gwanjo ya tsinto ta a birni, cikin tarkacen da ake kwasowa daga ƙasashen waje. Ba irin ta roba da ake saya wa yara da salla ba ce. Ta tseren daji ce, tsawonta kamu guda da ɗan ƙari, tayoyinta huɗu manya masu gargada, kowace ƙafa da nata shokozoba mai shanye jijjigar hanya, ga rimot mai kama da 'yar bindiga da ƙaramin sitiyari a gefe. Mai kayan ya ce masa matacciya ce. Baba ya ce ba ta mutu ba, ba a tambaye ta abin da ke damunta ba ne. Ya naɗo ta a buhu ya kawo gida, cikin kwana huɗu ta tashi.

Da wani ne da shi ke nan, ya ga ta yi tafiya ya ajiye. Baba a nan aikinsa ya fara. Ya share hanya da ta zagaye garkar Gwaggo, ta haura kunyoyi uku, ta gangara wani ɗan kwari, ta sha kwana a gindin zogale ta dawo bakin turmi. Motar ta yi zagayen farko, ya ce ragguwa ce. Ya kwance ɗan injin da ke juya ƙafafun, ya warware wayar cikinsa, ya sake naɗa ta da waya mai kauri da ya ciro daga ƙonanniyar fanka, ya rage yawan naɗin. Ta ƙara gudu, sai kuma ta fara zafi. Ya yanko gwangwanin madara ya yi mata fukafukai a jikin injin don iska ta riƙa sanyaya shi. Da ta daina zafi sai ta koma ɗaga gaba in ta taso, kamar akuya za ta ci ganye. Ya narka dalma daga tsohon batir ya liƙa mata a ƙasan ƙirji.

Dokarsa guda ce, kuma ita ce abin da na fi tunawa da shi. Ba ya canza abu biyu a lokaci ɗaya. "Auta," yakan ce mini, don ni ne ƙaramin 'ya'yansa, "in ka canza biyu ta gyaru, wanne za ka gode wa? In ta lalace, wanne za ka zaga?" Sai ya matse sifirin ɗin shokozoba ɗaya da zagaye guda, ya gwada, ya tsaya yana tunani, kafin ya taɓa na gaba. Ni da nake koyar da yara karatu ban taɓa yin haƙurin da ya kai wannan ba.

Man cikin shokozoba shi ya fi ba shi wahala. Ya gwada man gyaɗa, tururuwa suka yi masa sallama. Ya gwada na keken ɗinki, ya yi ruwa da yawa, motar tana ta tsalle kamar kwaɗo. Baƙin mai ya yi kauri. A ƙarshe ya haɗa na keke da man kaɗe, yana ɗigawa da tsinke yana ƙirgawa. Sai ya gano man kaɗe yana daskarewa da sanyin safiya, ya narke in rana ta take, don haka ya yi haɗi biyu a kwalaben turare, ɗaya na safe ɗaya na yamma. In ka ga ya fito ya ɗaga tafin hannu sama yana jin iska, to yana zaɓen kwalba ne.

Ba shi da agogo mai ƙirga daƙiƙa. Gwaggo ce agogonsa. Dakanta ba ya sauri ba ya jinkiri, tun tana budurwa aka san ta da haka. Bayan la'asar sai ta fito da turmi da geron fura, ya ajiye motar a gefenta.

"Gwaggon yara, kin shirya?"

"Ni da na shirya tun ɗazu, kai ne kake ta shafa ta kamar amarya."

Tana sauke taɓarya ta farko yana danna rimot, tana daka tana ƙirgawa da ƙarfi har motar ta zagayo. Farko bugu arba'in da ɗaya take yi. Bayan naɗin waya ta koma talatin da bakwai. In an samu ragin ko bugu ɗaya ne, Baba sai ya cire hula ya sosa ƙeya yana murmushi, ita kuma ta ce ita ce ta yi masa ragi don tausayi.

Sau ɗaya suka yi faɗa na gaske. Tayoyin suna lotsewa a kwana, yana neman abin da zai cusa a cikinsu mai laushi marar nauyi, sai idonsa ya faɗa kan matashin kan Gwaggo na audugar rimi, wanda ta zo da shi tun daga gidan mijinta. Ya farke gefe ya ɗebi dunƙule biyu, ya ɗinke da zaren buhu yana zaton ba za ta lura ba. Ranar kuwa unguwa ta ji su. Ta ce ko ɓarawon kaji ya fi shi kunya. Ya ce auduga ce fa, ba zinariya ba. Ta jingine taɓarya ta ce ya je ya nemi mai yi masa ƙirge. Kwana biyar motar tana rataye, Baba yana zagaye gida kamar wanda aka yi wa sata. A na shida ya tafi da ƙafa har wajen Madadi inda akwai wani tsohon rimi, ya ciko buhu da auduga, ya dire a ƙofar ɗakinta ya juya. Da la'asar muka ji turmi ya tashi.

Haka suke har shekarar da aka ƙaddamar da shari'a. Kowa ya yi murna, Baba ma a bayan akori-kura ya je birni taron, ya dawo muryarsa a dishe. Sai kowace unguwa ta kafa kwamitin samari masu sa ido. Wasunsu don Allah suke yi, wasu kuwa sun samu hular da ta fi kansu ne. Wata ranar Asabar ina gida na zo gaisuwa, su biyar suka yi sallama, shugabansu sa'ana ne, tare muka yi makarantar allo. Baba ya fito da motar a hammata.

"Baba, an ce mana akwai mutum-mutumi a cikin abin nan."

Baba ya ɗage murfin ya nuna musu kujerar, babu kowa. "Da akwai ɗan direba na roba. Tun bara na cire shi. Ba don tsoronku ba, nauyi yake mata a sama, in ta zo kwana sai ta kife."

"To ko ba wannan, Baba, wasa ne. Bai dace da mai shekarunka ba."

"A cikinku wa ya riga ni shiga sahu yau da asuba?"

Suka dubi juna. Ya jira kaɗan, ya mayar da murfin, ya juya ya shige gida. Ya gama da su, da na yi shiru da maganar ta mutu a nan.

Amma a lokacin ina neman shugabancin wata Islamiyya a Kabo, kawun shugaban samarin nan kuma yana cikin masu zaɓe. Na ji kamar an tsiraita ni. Na raka su zaure, na sassauta murya, na ce, "Don Allah ku yi haƙuri, ku rufa mana asiri. Tsufa ne. Kan ya ɗan taɓu, lallaɓa shi muke yi." Nan take fuskokinsu suka saki. Shugaban ya dafa kafaɗata ya ce Allah sarki, ai wanda ya ruɗe an ɗauke alƙalami daga kansa, Allah ya ba mu ladan jinya. Suka tafi suna yi mini addu'a, ni kuma na amsa da amin.

Magana zarar bunu ce. Kafin Juma'a ta zagayo ta gama Gwarzo. Masu kawo gyara suka janye ɗaya bayan ɗaya, wa zai ba ruɗaɗɗe injinsa? Aka daina kiransa shaidar ɗaurin aure. Masu gaishe shi suka koma ɗaga murya suna rarrabe kalmomi, kamar kurma suke yi wa magana. Na samu shugabancin Islamiyyar. Baba bai taɓa tambayar kowa abin da ya sauya ba, ya rushe rumfarsa ya koma bayan gida shi da motarsa da Gwaggo.

A cikin wannan hali ya yi wasiyyar. Ranar motar ta zagayo a bugu ashirin da tara, abin da ya shekara yana nema. Ya sa aka kira ni da Yaya, muka durƙusa a bakin garka. Ya ce, "Ku saurara da kyau, ba zan maimaita ba. Ɗakin nan da garkar nan, daga zogalen can zuwa katanga, na Gwaggonku ne bayan raina. Bai kai sulusin abin da na mallaka ba, na auna." Ya auna ɗin kuwa, da igiya, kamar yadda yake auna komai.

Ranar bakwai, bayan an watse daga addu'a, aka zauna a zaure. Liman a kan buzu, Yaya da sauran 'yan'uwa a gefe, dattawan unguwa, har da shugaban samarin nan, yanzu ya ajiye gemu ya yi tumbi. Gwaggo tana daga bayan ƙofa. Yaya ya gama jawabinsa da muryar tausayi, har da share ido. Ni kuma na shiga ciki na ɗauko motar na dire ta a tsakiyar tabarma. Wasu suka ja da baya kamar na kawo mushe.

Na buɗe ta. Na nuna wa Liman naɗin wayar, kowane layi a kwance kusa da ɗan'uwansa babu wanda ya hau wani. Na nuna masa dalmar da inda aka liƙa ta da dalilin liƙa ta a nan. Na fito da kwalaben nan biyu na bayyana masa na safe da na yamma. Na ce, Allah gafarta Malam, mutumin da ya san man kaɗe yana sauya hali tsakanin hantsi da la'asar, shi ne bai san ƙanwarsa da garkarta ba? A cikinmu nan wa zai iya mayar da abin nan in na wargaza shi?

Liman ya daɗe yana juya kwalba a hannunsa. Mutumin kirki ne, ba zan ɗora masa laifin da ba nasa ba. Ya ce aikin nan dai ba na ruɗaɗɗe ba ne a ganinsa. Na ji sanyi ya sauko mini. Sai shugaban samarin ya yi gyaran murya.

"Allah gafarta Malam, mu fa ba mu ƙirƙira ba. A wannan zauren, a bakin wannan ƙofar, shi Malam Auta da kansa ya ce mana kan Baba ya taɓu. Mu biyar ne, huɗu suna raye."

Liman ya juyo gare ni. "Ka faɗa?"

"Na faɗa."

"Gaskiya ka faɗa a ranar, ko yau kake faɗar gaskiya?"

Na ce ranar ƙarya na yi, don kunya da neman kujera. Na faɗe ta a gaban kowa, ina zaton wannan zai wanke Baba. Liman ya sunkuyar da kai. Ya ce to ga gari guda ya shekara da shekaru yana shaida abu ɗaya, ga kuma mutum ɗaya yana shaida kishiyarsa, mutumin kuma da bakinsa ya ce yakan yi ƙarya a kan mahaifinsa in buƙata ta taso. Ya ce in gaya masa da wace shaidar zai yi aiki. Na san littattafai suna da wurin ja a wannan mas'ala, ni ma na karanta su, amma bakin da zai ja ɗin ni na riga na kashe shi. Aka soke wasiyya. Na roƙi a fitar mini da kasona ta gefen garka, aka ce ƙuri'a za a yi, ƙuri'a kuma ba ta faɗo mini ba. Yaya ya ce a shafa fatiha, aka shafa.

Ba a yi arba'in ba aka sare zogalen. Na zo da akori-kura na kwashi Gwaggo da kayanta zuwa gidana a Kabo. Kayan ba su da yawa, akwati ɗaya, gado, turmi da taɓarya. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma waiwayi gidan ba. Muna zaune a gaba ni da ita, mun wuce rabin hanya, sai na ga ba zan iya riƙe abin a ciki ba.

"Gwaggo, ki yafe mini. Ni na jawo miki."

"Na yafe, ɗan nan."

"Abin da ya fi ci mini rai, ya tafi bai san ni ne na ɓata shi ba. Da na samu na roƙe shi."

Ta juyo ta dube ni sosai. "Wa ya ce maka bai sani ba? Ranar yana bayan ƙofar zaure, ya dawo ɗaukar abin kwance noti da ya manta. Duk ya ji. Ya shigo ya zauna a bakin turmi, na ce wallahi sai na fita na ƙaryata ka a gabansu. Ya riƙe mini zane." Ta gyara lulluɓinta, ta mayar da ido kan titi. "Ya ce, ƙyale shi, Gwaggon yara. Yaron nan yanzu yake fara neman mutunci a gari, ni na gama da nawa. In ɗayanmu sai ya zama abin nuni, gara ni."

Allah ka gafarta wa Baba, ka yalwata masa kabarinsa, ka haɗa shi da mutanen da suka fi mu. Ya rayu da cikakken hankalinsa, da shi kuma ya mutu. Ni ne shaida, ko da yake yanzu babu mai karɓar shaidata.